Ranar da Makulli Ya Kwana a Cikin Ɗaki: Tarihin Sabobin da Suka Kulle Masu Su a Waje

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda masu ƙarancin data da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karatu a kan sauraro. Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da bai tsufa ba, don wasu abubuwan da za mu ambata da idonku kuka gan su.

Akwai wani tsautsayi da kusan kowa ya sani. Mutum ya fito daga ɗaki, ya danna kwaɗo, sai da ya ji ƙarar datsewa sannan ya tuna makullin na kan katifa. Ya ce ba komai, ai akwai safaya. To ina safayar? Tana cikin durowa, durowar kuma tana cikin ɗakin. Irin wannan ya sha faruwa da manyan kamfanonin duniya, sai dai su ɗakin nasu na kwamfutoci ne, kuma kafin a ɓalle ƙofar an tafka asarar miliyoyin daloli. Maganarmu ta yau ke nan: yadda aka yi ta tattara ikon kula da kwamfutoci wuri guda, har aka wayi gari kayan gyaran ɓarna suna cikin ɓarnar, da kuma yadda injiniyoyi ke fita idan sun faɗa wannan rami.

YADDA KWAMFUTA TA SHIGA CIKIN KWAMFUTA

Mu fara da saba. Saba babbar kwamfuta ce da ke yi wa sauran kwamfutoci da wayoyi hidima. Idan ka tura kuɗi ta manhajar banki, ko ka duba sakamakon jarrabawa a intanet, wata saba ce a wani ɗaki mai sanyi take amsa maka. A shekarun 1990 al'adar ita ce kowane aiki da sabarsa: ta imel daban, ta albashi daban, ta rumbun bayanai daban. Kowace na cin wuta, tana cin wuri, alhali yawancin ƙarfinta na zaune ba a amfani da shi. Kamar a gina wa kowane mutum ɗaya gida mai ɗaki goma ne.

Maganin wannan ɓarna ya girmi matsalar ma. Tun a 1967 injiniyoyin kamfanin IBM a Amurka suka fara aiki da wani tsari mai suna CP-40, wanda ke raba babbar kwamfuta guda ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kowace tana ganin ita kaɗai ce a duniya. A 1972 suka fitar da VM/370 kasuwa. Sai dai wannan duk a kan manyan injinan IBM ne masu ɗan karen tsada, waɗanda sai bankuna da gwamnatoci da jami'o'i ke iya saye.

Sai a 1998 aka kafa kamfanin VMware a Palo Alto da ke jihar Kalifoniya. Cikin waɗanda suka kafa shi akwai Diane Greene da Mendel Rosenblum, malami a Jami'ar Stanford. Su ne suka sauko da wannan dabara kan kwamfutocin da kowa ke iya saye. A 2001 suka fitar da ESX, wanda magajinsa shi ne ESXi.

Don mu fahimci juna, bari mu raɗa wa abubuwan suna. Ƙarfen da kake iya taɓawa, mai fanka da kebul, mu ce masa kwamfutar zahiri. Waɗanda ke zaune a cikinsa kuma, waɗanda a gaskiya fayiloli ne kawai amma suna aiki kamar cikakkun kwamfutoci, mu ce musu kwamfutocin baɗini. Masu sana'ar VM suke ce musu. Kwamfutar zahiri gidan haya ce, na baɗini 'yan haya ne, ESXi kuma shi ke raba musu ɗakuna da wuta da ruwa.

ZUWAN SARKIN GIDA

To idan gidajen hayarka sun kai hamsin fa? Ba za ka yi ta zagaye gida-gida ba, kana buƙatar wakili. A 2003 VMware ya fitar da VirtualCenter, wanda daga baya aka sauya wa suna zuwa vCenter. Shi ne sarkin gida. Daga allo guda injiniya ke ganin duk sabobin kamfani, ya ƙirƙiri sabuwar kwamfutar baɗini, ya goge wata, ya ba wannan izini, ya hana wancan. A shekarar ce kuma aka zo da vMotion, wato ɗauke kwamfutar baɗini daga wannan ƙarfe zuwa wancan tana cikin aiki, ba tare da mai amfani da ita ya lura ba. A wancan lokaci mutane sun ga abin kamar siddabaru.

A 2009 aka ƙara wani mataki, kuma nan ne labarinmu ya ɗauko zafi. Kwamfutocin baɗini ma suna buƙatar netwok, don haka a cikin kowace saba akwai wata mahaɗa ta baɗini da ake jona su a kai, kamar soket mai bakuna da yawa. A da kowace saba da tata mahaɗar, kuma ita ke iko da abarta. Mu kira wannan mahaɗar gida. Matsalarta ita ce idan sabobinka hamsin ne, sau hamsin za ka yi saiti iri ɗaya, kuma kuskure ɗaya ya isa ya jawo ciwon kai. Sai aka ƙirƙiro mahaɗar gama-gari: a saita ta sau ɗaya a vCenter, ta bazu zuwa duk sabobin. Aiki ya yi sauƙi ƙwarai. Amma ku lura, ikon raba gurabe a kan wannan mahaɗa ya bar hannun sabobin, ya koma hannun sarkin gida.

Saura tambaya ɗaya: shi sarkin gidan a ina yake kwana? Da farko da yawa sun ware masa nasa ƙarfen daban. Da tafiya ta yi tafiya sai aka ga ai asara ce, aka mayar da shi kwamfutar baɗini kamar kowa. A 2011 VMware da kansa ya fara fitar da shi a haɗe a wannan siffa, zuwa 2020 kuma ita kaɗai ta rage. Wato sarkin gida ya zama ɗan haya a gidan da yake kula da shi, kuma sau da yawa kebul ɗinsa na jone a kan mahaɗar da shi kaɗai ke da ikon ba da gurbi a kanta. Kun fara hango makulli a kan katifa ko?

IDAN SARKIN GIDA YA KWANTA

Abubuwan da ke kayar da vCenter ba wasu na ban mamaki ba ne. Wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu a rumbun bayanansa. Faifansa ya cika maƙil da bayanan aiki ba wanda ya lura. Hanyar da ke tsakaninsa da ma'ajiyar fayiloli ta yanke. Ko takardun shaidarsa na tsaro su ƙare wa'adi, ya daina yarda da kansa da kansa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne, a awannin farko ba abin da ke tsayawa. Kowace saba na riƙe da kwafin saitin mahaɗar, don haka kwamfutocin da ke aiki suna ci gaba da aiki, kwastoma bai san ana yi ba. Sai an zo gyara ido ke raina fata. Injiniya ya ɗauko kwafin ajiya, ya tayar da sabon vCenter, ya zo jona shi a netwok, sai mahaɗar gama-gari ta ƙi. A saitin da aka fi amfani da shi, gurbi na dindindin ne, kuma vCenter ne kawai ke bayar da shi. Wanda aka dawo da shi daga ajiya baƙo ne a idon mahaɗar, ba shi da gurbi. Ba zai samu netwok ba sai vCenter ya ba shi izini, kuma shi ne vCenter ɗin.

Wani lokaci abin ya fi haka muni. Littafin adireshin da kwamfutoci ke neman juna da shi, wato DNS, shi ma kwamfutar baɗini ce a cikin gidan. Manhajar da ke dawo da kwafin ajiya ita ma sai ta yi magana da vCenter kafin ta yi aiki. Kalmar sirrin shiga sabobin kuma an adana ta a wani fayil da ke kan wata kwamfutar da yanzu ba a iya kaiwa gare ta.

Ga yadda masu sana'ar ke fita. Na farko, ba a taɓa abin da ke aiki. Duk kwamfutar da ke numfashi a bar ta, don garin gyaran gira ake rasa ido. Na biyu, a tsallake sarkin gida a je wa sabar kai tsaye, da lambar adireshinta da asusun babban mai iko na cikinta. Idan ita ma hanyarta ta yanke, to sai a taka da ƙafa zuwa ɗakin sabobi a jona allo da madannai, ko a bi ta ƙofar baya da masu ƙera ƙarfen ke sakawa, irin su iLO na HP da iDRAC na Dell.

Na uku, kuma shi ne zuciyar aikin: yawanci kowace saba na da kebul biyu ko fiye da ke fita waje. Sai a zare ɗaya daga mahaɗar gama-gari, a bar sauran suna riƙe da 'yan haya. A gina mahaɗar gida irin ta da, wadda sabar ke iko da ita ba sai ta tambayi kowa ba, a ba ta wannan kebul ɗin, a sa mata lambar layin da ya dace, sannan a jona vCenter a kanta. Da ya samu netwok ya farfaɗo, sai ya karɓi ragamar mahaɗar gama-gari, a mayar da shi mazauninsa, a mayar da kebul inda aka zaro shi. Ka ga an koma fasahar kafin 2009 don a ceto ta bayan 2009.

Idan kuwa babu kwafin ajiya mai kyau, 'yan hayar dai ba su mutu ba, amma sai an gina sabon vCenter daga tushe, an shigar da sabobi ɗaya bayan ɗaya, an sake gina mahaɗar da hannu, an sake rubuta wa ke da izinin me. Aikin awa biyu ya koma na kwanaki.

Shi ma kamfanin ya ga yadda mutane ke faɗawa. A 2012 ya ƙara tsarin da idan aka yi saitin da ya yanke saba daga vCenter, bayan daƙiƙa 30 sai ta koma saitin baya da kanta, ya kuma ba da damar adana saitin mahaɗar a fayil daban. A 2016 aka sa wa vCenter hanyar yin kwafin ajiyar kansa zuwa wani wuri. Akwai kuma gurbin wucin gadi, wanda saba ke iya bayarwa ko sarkin gida ba ya nan. Sai dai sharaɗinsa a tanade shi tun vCenter na da lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MAERSK, 2017

Kada ku ɗauka wannan ciwo na manhaja ɗaya ne. Mafi shaharar misalinsa ma ya faru ne da wani sarkin gida daban, a kamfanin jiragen ruwa na Maersk da ke Kofanhagen a ƙasar Denmak. A 2017 wannan kamfani na da jiragen ruwa kusan 800 da tashoshi 76, yana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya. Reshensa na APM Terminals ne ke gudanar da tashar kwantena ta Apapa a Legas, don haka kayan da ke isowa kasuwanninmu da yawa ta hannunsa suke biyowa.

Ranar 27 ga Yuni 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka raɗa wa NotPetya ta ɓulla a Yukren. Maharan sun cusa ta ne a cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wadda kamfanoni masu yawa a ƙasar ke amfani da ita. Maersk na da ofis a birnin Odesa, kuma an girka manhajar a kwamfuta ɗaya a can. Ɗayar nan ta isa.

Cutar na da makami biyu. Ɗaya shi ne EternalBlue, wata kafa a Windows da Microsoft ya riga ya fitar wa faci tun watan Maris na shekarar, amma ba kowa ya liƙa ba. Ɗayan kuma satar kalmomin sirri daga ƙwaƙwalwar kwamfutar da ta kama, ta yi amfani da su ta shiga waɗanda aka yi wa facin. A allo tana neman fansar dala 300 a bitkoyin, amma yaudara ce. An ƙera ta ne don ta lalata, ko ka biya ba abin da zai dawo.

Cikin ɗan lokaci allunan ma'aikata suka yi ta yin baƙi ofis bayan ofis. Sai da aka kwashe sama da awa biyu kafin a gama yanke netwok ɗin kamfanin a faɗin duniya. Tashoshi 17 cikin 76 suka tsaya. Jiragen na lafiya a teku, amma ƙofofin tashoshi ba sa karanta lambar tirela, ba wanda ya san me ke cikin wace kwantena, manyan motoci suka yi layi mai tsawon gaske. Ma'aikata suka koma karɓar oda ta WhatsApp da imel ɗinsu na kansu, suna rubutawa a takarda.

Aka tara ɗaruruwan ma'aikata a ofishin kamfanin na Maidenhead a Ingila, ana aiki dare da rana. Da aka bincika, an samu kwafin ajiyar kusan duk sabobin, wasu na kwana uku baya, wasu na mako guda. Abu ɗaya ne aka rasa. A tsarin Microsoft akwai sabobin da ke riƙe da rajistar kamfani gaba ɗaya: sunan kowane ma'aikaci, kowace kwamfuta, da wanda ke da izinin shiga ina. Su ne masu gadin ƙofa. Idan babu su, sauran sabobin ko an dawo da su ba mai iya shiga.

Maersk na da irin waɗannan masu gadi kusan 150 a duniya, kowanne na kwafar ɗan'uwansa a kai a kai. Lissafin shi ne idan ɗaya ya mutu ga saura 149, to me za a yi da wani kwafi daban? Ba a yi tanadin ranar da duka za su mutu a tare ba. Igiyar da ta haɗa su don su riƙe juna, ta nan cutar ta bi ta same su duka.

Aka shiga buga waya ofis-ofis a duniya, ko akwai wanda ya tsira. Kamar yadda ɗan jarida Andy Greenberg ya bayar da labarin a mujallar Wired a 2018, an samu guda ɗaya tak a ofishin kamfanin da ke Gana. Dalili? An ɗauke wuta kafin cutar ta iso, sabar ta mutu, ta fita daga netwok, kuma ba ta dawo ba har guguwar ta wuce. Wani babban jami'in fasaha na kamfanin da ya yi bayani daga baya Legas ya ambata a matsayin inda aka samu kwafin. Ko Gana ko Legas, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: ɗauke wuta a Afirka ta Yamma ne ya ceci rajistar. Abin da muke tsine wa kullum, ranar shi ya yi rana.

A ruwayar Greenberg, samun kwafin bai kawo ƙarshen wahala ba. Bayanan sun kai ɗaruruwan gigabait, intanet ɗin ofishin kuma ba shi da ƙarfi, turawa za ta ci kwanaki. Aka ce to wani ya hau jirgi da faifan zuwa Landan, sai aka tarar ba mai bizar Birtaniya a cikin ma'aikatan wurin. Sai aka yi 'yar miƙa-miƙa: ɗaya ya taso daga Gana zuwa Najeriya, ya miƙa wa wani abokin aiki a filin jirgi, shi kuma ya yi tafiyar awa shida da rabi zuwa Heathrow da faifan a hannunsa. Kamfanin da ke jigilar kayan duniya, rayuwarsa ta rataya a kan kaya guda da ke shiga jakar hannu.

A Janairun 2018, a taron Dabos na ƙasar Suwizalan, shugaban hukumar gudanarwar kamfanin Jim Hagemann Snabe ya bayyana cewa sun sake girka sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana goma, aikin da a ƙa'ida zai ci wata shida. Asarar ta kai tsakanin dala miliyan 250 zuwa 300. Ba su kaɗai ba ne, kamfanin magunguna na Merck da reshen FedEx na Turai su ma sun ji jiki, kuma an ƙiyasta ɓarnar NotPetya a duniya da kusan dala biliyan 10. A Fabrairun 2018 Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan sojin Rasha, Rasha ta musanta. A Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi jami'an leƙen asirin sojin Rasha shida da hannu a ciki.

FACEBOOK, 2021

Wani zai ce ai Maersk kamfanin jiragen ruwa ne, kwamfuta ba sana'arsu ba ce. To ga waɗanda sana'arsu ce. Ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, wajen ƙarfe biyar saura na yamma agogon Najeriya da Nijar, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya. Da yawanku kun tuna. Wasu suka yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka ɗora wa kamfanin layinsu laifi, wasu har sabuwar data suka saya. Kamfanin ya koma Twitter yana ba da haƙuri, a lokacin kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter tun watan Yuni, don haka mai son ganin sanarwar daga nan sai da VPN.

Wannan karon babu mahari. Bayanin da kamfanin ya fitar washegari ya ce ana cikin aikin kula na yau da kullum ne aka ba da wani umarni don a auna ƙarfin babbar hanyar da ta haɗa cibiyoyin bayanansu, sai umarnin ya yanke hanyar baki ɗaya. Akwai manhajar da aikinta shi ne tare irin wannan kuskure, amma ita ma tana da nata lahanin, ta bar shi ya wuce.

Sai abu na biyu ya biyo. An tsara sabobin DNS na Facebook cewa duk wadda ta ga ba ta iya magana da cibiyoyin bayanai, ta ɗauka ita ce ba ta da lafiya, ta janye sanarwar da take yi wa intanet cewa ga hanyar zuwa gare ta. Dabara ce mai kyau idan ɗaya ce ta samu matsala. Ranar duka suka ga haka a lokaci guda, duka suka janye. Sabobin na kunne, amma duniya ta manta hanyar gidansu.

Injiniyoyin suka juya za su gyara, sai suka tarar kayan aikinsu na bincike su ma da wannan DNS ɗin suke aiki. Hanyar shiga daga nesa ta yanke, har da ta ko-ta-kwana. Dole aka tura mutane da ƙafarsu zuwa cibiyoyin bayanai, wuraren da aka gina musamman don shigarsu ta yi wuya, injinan ciki kuma an ƙera su don sauya musu saiti ya yi wuya ko kana tsaye a gabansu. Tsaron da aka yi don ɓarawo sai ya tare mai gida. Sai da aka shafe kusan awa shida kafin abubuwa su fara dawowa.

ABIN DA TARIHIN KE NUNAWA

Ku jera su ku gani. A labarin vCenter, mai ba da gurbi ya rasa gurbi. A Maersk, masu gadi 150 sun zama kamar mutum ɗaya saboda igiya ɗaya ta ɗaure su. A Facebook, kayan gyaran netwok suna kan netwok ɗin. Kuma a duka ukun ba wawanci ne ya kai su ba. Kowane mataki da aka ɗauka yana da hujja: a rage kashe kuɗi, a rage maimaita aiki, a ƙara tsaro. Sauƙin da ake samu kullum ana ganinsa a ido. Haɗarin kuwa ba ya fitowa sai rana ɗaya, shi ya sa ake mantawa da shi a lissafi.

Hanyar fita ma iri ɗaya ce a duka: wani abu da ke wajen tsarin. Mahaɗar gida da ba ta jiran umarnin kowa, sabar da ɗauke wuta ya raba da 'yan'uwanta, injiniyan da ya taka da ƙafa. Bambancin kawai, Maersk gyaɗar dogo ya ci, ba shiri ya yi ba, kuma ba a gina kamfani a kan sa'a.

Don haka 'yan'uwa matasa da ke aikin kula da sabobi a bankuna, jami'o'i, asibitoci da ma'aikatu, da masu shirin shiga wannan fanni, ga tambayar da ta kamata ku yi wa tsarinku tun yau: idan komai ya mutu lokaci guda, me zan fara kunnawa, kuma shi wannan abin me yake jira kafin ya tashi? Ku bi amsar har ƙarshe. Idan ta zagayo ta dawo inda ta fara, to kun gano ramin. Ku tanadi gurbin wucin gadi. Ku ajiye kwafi guda a inda netwok ba ya kaiwa. Adireshin sabobi da kalmomin sirrin gaggawa su kasance a takarda, a kulle a wuri amintacce. Sannan ku gwada dawo da kwafin ajiyar nan ko sau ɗaya, don wanda ba a taɓa gwadawa ba, zato ne kawai ake yi yana aiki.

Kai ma da ba injiniya ba, duba wayarka. Lambobin mutanenka da hotunanka suna asusun Google. Kalmar sirrin asusun wayar ce ta riƙe maka, kai ka manta ta tuni. Idan ka ce ka manta, lambar tabbatarwa layin da ke cikin wayar za a turo wa. To ranar da wayar ta ɓata a kasuwa, ta ina za ka fara? Yau ɗin nan ka rubuta kalmar sirrinka a inda ka amince, ka ƙara lamba ta biyu ko imel na biyu a asusun, ka sauke lambobin gaggawa da Google ke bayarwa ka adana su a gida.

Nan za mu dakata a wannan mako. Ku faɗa mana a ƙasa, ina kuke ranar da WhatsApp ya ɗauke a 2021, kuma wa kuka fara ɗora wa laifi? Masu aikin saba kuma, wanda ya taɓa ceto vCenter da tsakar dare ya ba mu labarin yadda ya yi, ƙannenmu masu tasowa su ƙaru. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kai mu da rai da lafiya.